Jarrabawa a Gaban Manoma

Shekarar da aka ce kowane sashe na jami'armu ya sake duba manhajarsa, ni ne tsoho a sashen da ke horar da malaman gona. Saura mini 'yan shekaru in ajiye aiki. Mutanen da aka haɗa mu a kwamitin duba manhajar babu wanda bai taɓa zama a ajina ba, har shi shugaban sashen, wanda na sani tun yana raɓewa a bayan aji don kada in jefa masa tambaya. Yanzu ya zama dakta, ya ajiye tumbi, amma har gobe ba ya iya haɗa ido da ni. Wasu su ce mini Malam, wasu su ce Baba. A da abin yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ɗaki da falo nake haya a Dutsin-Ma. Tun da maiɗakina ta rasu yara suka kama gabansu, wannan na Kano, waccan na gidan miji, sai dai gaisuwa ta waya. In na taso daga aiki in yi la'asar, in kunna rediyo don dai a ji motsin mutum a gidan. Shi ya sa da aikin manhajar nan ya zo na rungume shi hannu biyu. Na samu abin da zan yi wa magana.

Yadda aka saba yin manhaja ba wani sirri ba ne. A ɗauko ta wata jami'a, a goge wannan, a liƙa wancan, kowane malami ya tsare kwas ɗinsa kada a taɓa masa. Ni kuwa abin da ya daɗe yana cina a rai tambaya ce guda: ranar da yaron nan zai karɓi takardar digirinsa, me zai iya yi? Ba me ya karanta ba, me zai iya yi. In aka amsa wannan, sai a komo baya a jera darussan da za su kai shi can, a kuma jarraba shi a kan wannan abin, ba a kan wani abu daban ba. Malamin gona aikinsa tsayuwa ne a gaban manoma. To amma mu a takarda muke jarraba shi tun daga shekarar farko har ta ƙarshe. Na sha ganin ɗalibinmu mai maki kamar me, zai cika maka shafi da Turanci a kan ire-iren taki, amma dattijo ya kama hannunsa ya kai shi gona ya ce, "Yaro, mi ya sa gerona ya yi ɗorawa-ɗorawa haka?" sai ya hau inda-inda yana share zufa. Ba laifinsa ba ne. Ɗalibi abin da za a tambaye shi a jarrabawa yake koyo, rubutu muka nema, rubutu ya kawo mana.

Don haka na tsara kwas ɗin shekarar ƙarshe. Kowane ɗalibi a haɗa shi da manoman wani ƙauye, ya riƙa zuwa gonakinsu da damina. Rabin makinsa ya fito daga rahoton da zai rubuta, ɗaya rabin kuwa daga rana guda da zai tsaya a gaban manoman su yi masa tambaya da Hausa, wanda bai iya ba a ba shi tafinta. Malamai biyu su zauna gefe, kowa ya ba da makinsa daban, sannan a haɗa, don kada son rai ya shigo. Abin da za a duba kuma a gaya wa ɗalibi tun ranar farko, ba kwanton ɓauna: ya saurari mutum har ya gama? Ya duba shukar kafin ya buɗe baki? Shawarar da ya bayar, talaka zai iya aiki da ita? Har na ware maki ga wanda ya ce, "Ban sani ba, amma zan bincika in dawo." Na kuma gyara darussan shekarun baya yadda za su riƙa ɗaga shi sannu a hankali, kada a wayi gari a jefa yaro cikin dattawa bai taɓa magana da kowa ba sai allo. Sharaɗina ɗaya ne: kwas ɗin ya zama na dole. Wanda bai ci shi ba, ba digiri.

Ranar da na gabatar, na yi magana har maƙogwarona ya bushe. Da na gama na zauna.

Shugaban sashe ya gyara zama ya ce, "Madalla, Malam. Wallahi haka ne."

Wani daga gefe ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Baba."

Malama ɗaya ce a cikinmu, ita ke rubuta abin da aka tattauna. Ta sunkuyar da kai tana ta rubutu.

Na ce, "Akwai mai ja?" Shiru. Na ce, "Haba jama'a, ku ɗan yi mini gardama mana, ba huɗuba na yi ba." Suka yi dariya, ni ma na yi. Na fito raina fes. Ranar har balangu na tsaya na saya a bakin hanya, na je gida na ci ni kaɗai, amma ban ji kaɗaicin ba.

Ƙarshen mako na tafi Kurfi wurin yayata. Ita ta rage mini a cikin waɗanda muka fito ciki ɗaya, kuma bakinta bai san tsufa ba. Na zauna a tsakar gida ina ta zayyana mata yadda aka yi, tana tankaɗen gari.

Ta ce, "Kai da rabonka da fartanya tun muna yara, yanzu kai ne za ka kai 'ya'yan mutane gona?"

Na ce, "Yaya, ba noma za su yi ba, magana za su koya."

"To, wannan kam sun sami malami." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, "Duk sun yarda? Ba wanda ya ce uffan?"

"Ko mutum ɗaya."

Ta ce, "To, Allah ya sa alheri," ta miƙo mini kwanon fura.

Washegari na hau babur zuwa Rawayau wurin wani abokina da muka yi makarantar allo tare. Manomi ne, mutanen wurin suna jin maganarsa. Na yi masa bayani, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, wato yau su ne za su yi wa 'yan jami'a jarrabawa? Na ce ku ne kuwa, kuma kada ku raga musu. Ya ce in bar masa sauran, duk ranar da na shirya in aiko.

Bayan 'yan watanni manhaja ta dawo daga sama, an amince. Na buɗe da sauri ina neman kwas ɗina. Yana nan, ko wasali ba a canza mini ba. Sai dai a gefensa, inda ya kamata a rubuta na dole, an rubuta na zaɓi. An kuma jera shi da wani kwas ɗin, ɗalibi ya ɗauki ɗaya cikin biyun. Shi wancan a aji ake yin sa ƙarƙashin fanka, jarrabawarsa kuma canki-canka ce, ka zaɓi amsa ka yi gaba.

Na je ofishin shugaban sashe da takardar a hannu. Ya taso ya karɓi jakata, ya ba ni kujerarsa. Ya ce ai awoyin karatun da aka ƙayyade wa digiri ne suka cika, ba wurin da za a cusa wani kwas na dole, amma a gwada bana, in ya karɓu sai a ɗaga shi. Maganar ta shiga kunnena, don gaskiya ne ana ƙayyade awoyin. Sai dai na san ƙa'idar gidan kamar yadda ya san ta: kwas ɗin zaɓi in bai samu ɗalibai ba, a bita ta gaba cire shi ake yi. Ni kuma bitar gaban nan ita ce ta ƙarshe a gare ni. In bai tsaya da ƙafarsa ina nan ba, to ya tafi ke nan, kuma shi ne kaɗai abin da nake son in bari a sashen.

Sai na koma talla kamar mai maganin gargajiya a kasuwa. Duk ajin 'yan shekarar ƙarshe da na shiga sai na saka maganar. Wata ɗaliba mai tsaurin ido ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, gaskiya muna so, amma shekarar ƙarshe ce. In tsoho ɗaya ya rikita ni makina ya zube, wa zai ɗaga mini?" Aji ya ɗauki dariya. Na harare ta, amma wallahi ta fi kowa burge ni, don ta faɗi abin da ke ranta. Duk da haka 'yan kaɗan suka yi rajista, ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na ce ba komai, da su za a fara.

Da damina ta kankama na aika wa abokina ranar da zan kawo ɗalibai su fara haɗuwa da manoma. Na nemi motar sashe aka ba ni. Da safe na tsaya a bakin ƙofar makaranta da jakata da lema, direba yana zaune a mota yana sauraren rediyo. Rana ta fara ɗagawa, ba kowa. Sai wayata ta yi ƙara, ɗaya daga cikinsu ne, wai mahaifinsa ya ce bai yarda ya shiga daji ba. Na kira wani, ya ce ai ya canza kwas tun wancan makon, ya ɗauka an gaya mini. Sauran wayoyinsu a kashe. Direba ya leƙo ya ce, "Baba, ko mu ƙara jira?" Na ga yana tausaya mini, abin da na tsana ke nan a duniya. Na ce ya mayar da mota.

Da na so, da waya zan buga in ba da haƙuri. Amma mutanen nan lokacin maimai ne, noma na biyu, lokacin da manomi ba ya ɗaga kai, kuma sun bar gonakinsu saboda ni. Na je tasha na shiga motar Kurfi, daga can na hau babur.

An share gindin wata tsamiya tas, an shimfiɗa tabarmi, har da benci biyu aka ɗauko daga wani gida saboda 'yan jami'a. Dattawa sun zauna, wasu da taɓon gona a ƙafa. Ga ƙwaryar fura a rufe da faifai. Da suka ga babur ɗaya sai suka riƙa leƙa bayana, ko motar na tafe. Na sauka, muka gaisa, gaisuwar nan mai tsawo, gida, iyali, damina, gajiya, ina ja don kada a kai ƙarshenta. Da ta ƙare na ce, "Yaran ba su samu zuwa ba."

Abokina ya ce, "To, ai kai ka zo."

Ba wanda ya tambayi dalili. Wani dattijo ya ce tun da an taru, shi fa yana da magana a kan ƙudujin da ya cinye masa dawa. Muka tashi muka je gonar, muka duba, muka yi ta magana har azahar. Na sha furar da aka dama wa ɗalibai. Benci biyun nan suna nan ba wanda ya zauna a kai, da za mu watse aka ɗauke su aka mayar. A kan babur ɗin dawowa kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, daga baya kunyar ta koma fushi.

Washegari na faɗa ofishin shugaban sashe ko sallama ban yi da kyau ba. Na faɗi abin da ke bakina, da wanda ya dace da wanda bai dace ba. Na ce an sa na tara dattawa na yi musu ƙarya. Na ce kun ɗaura kwas ɗina kusa da na canki-canka don ya mutu, kuna tsammanin ban gane ba? Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna a kujerar baƙi.

Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ba daga sama ba ne. Mu ne."

Ashe bayan taron nan da na fito ina murna, sun sake zama a wannan ofishin ba ni. Ya ce hanyoyin dajin nan kowa ya san halin da ake ciki, in wani abu ya sami ɗan mutane wa zai tsaya gaban iyayensa? Ya ce malamai nawa ne a sashen da za a ce biyu su zauna wa kowane ɗalibi? Ya ce masu zuwa tantance digiri takardun jarrabawa suke cewa a kawo su gani, in suka ce ina shaidar wannan rabin makin, me za a nuna musu? Ba ɗaya a cikin maganganunsa da ba ta da nauyi.

Na ce, "To me ya hana ku faɗa a ranar? Ban tambaya ba? Ban roƙe ku ba?"

Ya ce, "Malam, ta yaya zan dubi idonka in ce a'a a gaban yara? Kai ka koyar da mu. Mun ga in aka bar shi na zaɓi, ba a watsa maka ƙasa a ido ba."

Kara suka yi mini. Karar nan da aka raine mu da ita, wadda ni ma na yi wa malamaina, wadda in yaro bai yi ba mukan ce ba shi da tarbiyya. Ba ƙiyayya a cikinta ko ƙwayar zarra, shi ya sa ban san inda zan ajiye fushina ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kowace matsala da ya lissafa tana da mafita da an faɗe ta a kan teburi. In daji ne abin tsoro, ga gonaki nan a bakin gari ta wajen Shema, ko a ɗauko manoman a kawo su makaranta. In malamai ne suka yi kaɗan, a haɗa ɗalibai rukuni-rukuni. In shaida ake so, wace waya ce yau ba ta ɗaukar hoto mai motsi? Da sun yi mini gardama, da na yi ihu, da na bubbuga teburi, na sani, halina ne. Amma da mun fito da abin da zai rayu. Manhaja ba ta ƙulluwa sai an yi ja-in-ja a kanta, wannan ya ja nan, wancan ya ja can, har a ga inda za ta tsinke tun tana hannu. Tawa ba wanda ya ja ta.

Na tashi na fita. Ya biyo ni da jakata har bakin ƙofa.

Daga ranar na fara lura da abin da ban taɓa lura da shi ba. In na shiga ɗakin malamai ana musu, kan ƙwallo ne ko siyasa ko wani ɗalibi, sai musun ya mutu, a hau gaishe ni. In na faɗi ra'ayi, ko na banza ne, sai a ce haka ne. Har gwadawa na yi wata rana, na faɗi wata magana da na san ba daidai ba ce a kan irin wake, aka ce haka ne, Baba. Kai! Kaɗaicin gidana na san shi, na saba da shi, dalilinsa mutuwa ce, ba yadda zan yi. Amma wannan na cikin mutane, ana yi maka murmushi ana ba ka kujera, shi ya fi ciwo. Na yi kewar maiɗakina a lokacin fiye da kullum, don ita in na kawo shirme take cewa shirme ne.

Shekara ta zagayo na sake gwadawa. Na rubuta gyara, na ce a kawo manoma cikin gari, a yi rukuni, a ɗauki hoto. Aka ce gyaran manhaja sai lokacin bita. Ɗalibai kuwa labari ya riga ya zagaya cewa kwas ɗin Baba na shiga daji ne. Ba wanda ya yi rajista, a jadawali dai ana rubuta shi, da ɗakin karatu da lokaci. Nakan je in leƙa ɗakin a lokacin, ko wani ya yi kuskure ya shigo.

Taron bita ya zo daf da ajiye aikina. Aka zo kan kwasa-kwasan da ba su samu ɗalibai ba, malamar nan ta fara karantowa. Kowanne takan faɗi lambarsa da sunansa. Da ta zo kan nawa sai muryarta ta yi ƙasa, ta faɗi lambar kawai ta wuce.

Na ce, "Dakata, Malama." Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ga gyaran da na rubuta a gabanku. Wanda yake ganin ba zai yiwu ba, don Allah ya faɗa da bakinsa, ya gaya mini dalili. Ba zan yi fushi ba. Ko na yi ma, ba cizo zan yi ba."

Wallahi roƙo nake yi. Da mutum ɗaya ya ɗago kai ya ce, Malam, ka yi kuskure a nan da nan, da na tashi na rungume shi. Fanka tana ta juyawa. Wani yana wasa da biro, wani ya ƙura wa takarda ido kamar yau ya fara ganin rubutu. Ba a buƙatar kowa ya ce komai, ƙa'ida ta riga ta yi musu magana. Malama ta ja layi ta karanta na gaba.

Aka gama sauran batutuwa. Shugaban sashe ya tattara takardunsa, ya juyo wajena a hankali ya ce, "Malam, kai ne babba. A rufe mana taro da addu'a."

Na so in ce ya sa wani. Bakina ya buɗe ma. Sai na ga hannayensu duk sun riga sun ɗagu suna jirana. Na ɗaga nawa. Na roƙi Allah ya sa albarka a abin da aka zartar, ya ba ɗalibanmu ilimi mai amfani, ya ba manoma damina mai kyau, ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu. Na roƙa wa shugaban sashe da sauran malamai tsawon rai, har su ma su ga tsufa a wannan teburin. Suka amsa da amin gaba ɗaya, da ƙarfi, ba wanda muryarsa ta maƙale. Na shafa, na ɗauki jakata da kaina, na fita neman babur.